Inuwar Baffa da agogon waya

A azumin da ya wuce, ranar goma sha ɗaya ga wata, 'yar ƙanwata da ke zaune a gidana ta tashi sahur kamar kullum. Ta ɗumama tuwo, ta dama kunun gyaɗa, tana sha tana leƙa waya. A daren an ɗauke wuta, lasifikar masallacinmu ba ta yi magana ba, ladan ya yi kira da bakinsa kawai, muryar ba ta ƙetare katanga uku ba. Na fito da carbina zan tafi masallaci sai na tarar da ita zaune a bakin murhu da kofi a hannu. Na ce, "Ke, ai an kira salla." Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kawu, duba ka gani, saura minti goma sha biyu."

Na duba, kuma gaskiyarta, haka aka rubuta. Amma a saman lambobin, da ƙananan haruffa, an rubuta Kano. Wayar ta yayanta ce da ke karatu a can, ya bar mata da ya sayi sabuwa, babu wanda ya tuna ya sauya sunan garin. Sauran ranakun kiran salla ne ke tsayar da ita, shi ya sa ba ta taɓa lura ba.

Tsakanin Kano da Garwa, garinmu a arewacin Kamaru, agogo ɗaya ne. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi duk ƙarfe ɗaya muke bugawa, awa ɗaya gaba da GMT, shi ya sa wanda ya ƙetaro daga Yola ko Mubi ba ya taɓa agogonsa. Rana kuwa ba ruwanta da wannan yarjejeniya. Daga gabas take zuwa, kuma kowane digiri ɗaya na tazara minti huɗu take ci. Garwa tana gabas da Kano da kusan digiri biyar, saboda haka alfijir yana keto mana kusan minti ashirin kafin ya keto musu. Yarinyar nan a kan alfijir ɗin mutanen Kano ta sha kununta. Da muka tambayi malamin unguwa ya ce ta rama ranar bayan salla, ta kuwa rama. Ba ta yi kuka a gabana ba, amma na ga yadda abin ya tsaya mata a rai, domin ba ganganci ta yi ba. Yarda ta yi da abin da ke hannunta.

Tun ranar nake juya maganar nan. Ba na cikin masu cewa waya ta lalata duniya, da ita nake neman abincina. Abin da ke damuna shi ne, a cikin shekara ashirin da 'yan kai mun miƙa mata sanin lokaci gaba ɗaya, mun zubar da wanda muka gada, alhali yawancinmu ba mu san yadda ita take lissafa nata ba. Ga kuma abin da ya fi ciwo: yanzu da kowa ke yawo da minti da daƙiƙa a aljihu, alkawarin lokaci ya fi na da rauni.

Baffana, yayan mahaifina, ya yi ladanci fiye da shekara talatin a wani ƙaramin masallaci a nan Garwa, kuma bai ɗaura agogo ba sai a ƙarshen rayuwarsa. Ina yaro ni ne mai ɗaukar masa buta. In rana ta take yakan fito filin gaban masallaci inda ƙasa take shimfiɗe, ya tuɓe takalmi, ya juya wa rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya. Sai ya ce, "Yaro, sa dutse." In sa dutse. Ya taka daga inda yake tsaye zuwa dutsen, diddige na taɓa babban yatsa, yana ƙirgawa a hankali kamar mai jan carbi. Tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne, haka ya koya mini. Inuwa takan yi ta raguwa tun hantsi har ta tsaya cak, sa'annan ta soma ƙaruwa ta ɗaya gefen. Wannan juyawar ita ce zawali, azahar ta shiga ke nan. In ta ƙaru da ƙafa bakwai a kan abin da ya rage mata da tsakar rana, la'asar ta yi. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ba, yana nan cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure, duk wanda ya zauna gaban malami ya ji babin lokutan salla. Shi dai da ƙafarsa yake karanta babin.

Ya san cewa sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta in za a faɗa da watannin Bature, rana tana bi ta kan Garwa daidai, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa ta ɓace. Tsakanin waɗannan biyun inuwar tsakar rana kudu take karkata, sauran shekara kuwa arewa, kuma a tsakiyar sanyi takan yi tsawo har ta haura ƙafa huɗu. Duk wannan yana kansa, babu takarda. Da asuba kuma yana da carar zakara, yana da gamzaki in lokacin fitowarsa ne. Wata rana ya tashe ni ya kai ni bayan gari ta wajen kogi, ya nuna mini alfijir na ƙarya, farin nan da ke miƙewa sama a tsaye sa'annan ya dushe, ya ce in yi haƙuri in jira. Can sai ga na gaskiya yana bazuwa a kwance daga gefe zuwa gefe. Ya ce, "Wannan shi ke haramta wa mai azumi ruwa. In ka gan shi sau ɗaya ba ka mantawa." Ban manta ba.

Mutanen wancan zamani ba su rasa sunan lokaci ba. Akwai asubar fari, akwai sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, la'asar sakaliya, almuru, lisha, talatainin dare, kuma kowanne da aikinsa. Da hantsi ake kai wa masu gona fura, da almuru ake kiran yara su shigo gida a rufe kaji. Na gwada 'ya'yana a kan waɗannan kalmomi, ɗaya ne ya san walaha, shi ma saboda sallar walaha. Kalma ba ta mutuwa ita kaɗai. Wanda bai san sunan almuru ba ya daina ɗaga kai ya ga yadda sama ke ja kafin duhu.

Da agogon hannu ya shigo bai kori wannan sani ba, zama ya yi kusa da shi. Tsarabar Makka ce, Seiko ko Rado ko Casio mai lambobi, kuma rabin amfaninsa ado ne. Kowane agogo da nasa hali, wannan na gudu, wancan na jan ƙafa, wani in ba a murɗa masa kai ba ya kwana. Rediyo ce alƙali. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, kuma in mai gabatarwa ya ce ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana, ƙarfe kaza a Najeriya da Nijar, sai ka ga dattawan majalisa kowa ya zaro kan agogonsa yana murɗawa. Mu a Kamaru mun san namu da na Najeriya ɗaya ne. Amma in agogo da rana suka saɓa, rana ake bi. Wanda ya fara koya mana tsoron minti shi ne jirgin ƙasa, tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974. Motar tasha sai ta cika take tashi, wannan kowa ya sani, amma mai zuwa Yawunde ya san jirgin dare ba ya jiran kowa, sai ya bar Garwa tun da safe don kada hawan dutsen nan na hanya ya cinye masa lokaci.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a babbar kasuwa, da ɗan akwatinsa na gilashi da madubin da yake maƙalawa a ido. A da in ka kai masa agogo sai ka jira kwana uku saboda yawan aiki. Yanzu rabin akwatin caja ne da igiyoyi da gilashin kare fuskar waya. Na tsaya muka gaisa kwanan baya, ya ce mini, "Alhaji, yanzu batir kawai nake sawa, shi ma sai ana shirin biki ko salla." Hannunsa har yau bai fara rawa ba, aikin ne ya tafi ya bar shi.

Wayar salula ta shigo Kamaru wajen shekarar 2000. Waɗanda suka riƙe Nokia ta farko za su tuna cewa in ka cire batir lokaci ya goge, sai ka tambayi na kusa da kai ƙarfe nawa gare shi ka sake saitawa. Yau ba ka saita komai. Waya na karɓar lokaci daga rezo, wato layin sadarwa, shi kuma tushensa agogunan da ba sa kuskuren daƙiƙa ɗaya a dubban shekaru, irin waɗanda ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS. Mai sayar da gawayi da gwamna minti ɗaya ke hannunsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wannan mintin na yarjejeniya ne. Layin da aka ɗora agogon ƙasashen nan huɗu a kansa, digiri 15 gabas da Greenwich, ta gefen Kusiri da Njamena ya ratsa. In agogo ya buga sha biyu, mutumin Kusiri ne ya fi kowa kusa da tsakar rana ta gaskiya. Mu a Garwa muna baya da minti shida ko bakwai, Sakkwato da kusan minti arba'in, Abeshe ta Cadi kuwa tana gaba da fiye da minti ashirin. Ita kanta tsakar ranar ba a tsaye take ba. A Garwa farkon Nuwamba zawali na riga sha biyu da kusan minti goma, tsakiyar Fabrairu kuwa sai sha biyu da minti ashirin. Baffa bai san waɗannan lambobi ba, amma ƙafarsa tana bin wannan motsi kullum ba tare da ta ɓata ba.

Ba zan ɓoye alherin waya ba, domin a gidana nake ganinsa. Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini safe da dare, ba ta karatun boko, jikanta ya sa mata ƙararrawa da muryar kansa yana cewa, "Hajiya, magani." Tun daga nan ba ta sake tsallake ko ɗaya ba. In hazon hunturu ya rufe gari, rana ta koma kamar farin faranti, ko hadarin Agusta ya kwana uku bai yaye ba, babu inuwar da za a taka, kuma na sha ganin Baffa cikin damuwa a irin waɗannan ranaku yana jinkirta kira don ya tabbata. Da yana da abin da ke aljihuna da ya huta. Na taɓa ganin rigimar kuɗi tsakanin 'yan kasuwa biyu ta mutu nan take, domin saƙon tura kuɗin ya nuna rana da awa da minti. Mai ɗan'uwa a Makka ya san su suna gaba da awa biyu, ba ya kiransa a lokacin barci. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na fatan a koma baya.

Amma ku zo masallacinmu da asuba ku zauna. Kafin ladan ya tashi sai wata waya ta fara kiran salla daga aljihun wani. Ta yi shiru, bayan minti biyar ko shida wata ta ɗauka. Can kuma wata. Gari ɗaya, sahu ɗaya, alfijir uku. Dalilin yana cikin saitin manhajar kiran salla ta waya, inda kusan babu mai shiga. Manhajar ba ta ganin sama, lissafi take yi a kan digiri nawa rana ta rage a ƙarƙashin ƙasa kafin ta fito, kuma hukumomi sun saɓa a kan wannan adadi. Lissafin Masar digiri 19.5 yake ɗauka, na Ummul Ƙura a Makka 18.5, na ƙungiyar Rabiɗa ta duniyar Musulmi 18, wanda ake bi a Amurka ta Arewa kuwa 15. A ƙasa irin tamu kowane digiri ya ɗan haura minti huɗu, saboda haka tsakanin na farko da na ƙarshe akwai kusan minti ashirin. Haka la'asar, in an bar saitin a kan mazhabar Hanafiyya, wadda ke jiran inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu, sai ta jinkirta maka ita da kusan awa guda, alhali mu Malikiyya muke bi. Mutum nawa ne cikin masu wayar nan suka san wanne aka zaɓa musu? Mai shagon da ya sauke musu manhajar ma bai sani ba.

Duk da haka na ga saurayi ya tsaya a kan dattijon ladan yana nuna masa fuskar waya yana cewa, "Baba Ladan, lokaci ya wuce fa." Ba rashin kunya ya yi niyya ba, kishin salla ne, amma ya ɗauka abin da ya fito da lambobi ya fi abin da ido ya gani. Ladan ya dube shi ya ce, "Ɗana, fita ka dubo mini gabas." Yaron ya fita ya dawo, bai san abin da zai duba ba. Wannan ya fi tsorata ni a kan kuskuren minti biyar. Ranar da wayoyi suka saɓa, dole a sami wanda zai fita ya dubi gabas ya raba gardama, kuma irin waɗannan mutane suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, muna yi musu salla muna dawowa.

Haka kwanan wata. A wurinmu dare ke riga yini, rana sabuwa daga magariba take farawa, shi ya sa daren Juma'a shi ne wanda ake shiga in ranar Alhamis ta faɗi. Waya kuwa sai sha biyun dare take juya kwana. Yaran da suka tashi da ita in ka ce musu daren Asabar, sai su zo maka ranar Asabar da dare, kai kuwa jiya ka shimfiɗa tabarma kana jira. Ya faru a danginmu wajen wata walimar sauka, rabin matasan suka zo washegari. Kwanan watan Musulunci da ke fitowa a yawancin wayoyi kuma lissafin Saudiyya ne da aka tsara tun da wuri, ba ganin wata ba ne a nan. Sai ka ji yaro yana cewa gobe salla domin wayarsa ta nuna ɗaya ga Shawwal, alhali hukumar duban wata ta ƙasa ba ta yi magana ba tukuna. Dama mu mutanen bakin iyaka muna da isasshiyar gardama tsakanin masu sauraron Yawunde da masu sauraron Sakkwato, ga ta uku ta shigo ta aljihu.

Yanzu bari in zo kan alkawari, domin nan ne abin ya fi ci mini rai.

Mahaifina fatauci yake yi. Ina tuna wata Lahadi da ya tashi da zazzaɓi, jikinsa na rawa, ya ce a ɗauko masa kekensa zai tafi kasuwar Pitowa. Mahaifiyata ta ce, "Malam, ka bari mana sai wani makon." Ya ce mako biyu da suka wuce ya yi da wani mutum daga ƙauye za su haɗu bayan azahar a gindin wata tsamiya, mutumin zai taso tun asuba da kayansa, kuma babu yadda za a aika masa. Ya tafi, ya dawo da almuru ya kwanta kwana uku. A lokacin babu minti a cikin maganarsu, "bayan azahar" kawai suka ce, amma wannan bayan azahar ɗin ya fi ƙarfe biyu daidai na yau ƙarfi. Kowa ya san inda ɗan'uwansa zai kasance da azahar, kowa ya san in an sallame lokaci ya yi, kuma kowa ya san in bai zo ba ya bar mutum a rana ba labari. Alkawari kaya ne, kuma a lokacin babu inda za ka sauke shi sai a inda ka ce.

Waya ta ba mu wurin saukewa. Yau in mun ce ƙarfe huɗu, abin da muke nufi shi ne wajen ƙarfe huɗu za mu fara kiran juna. "Kana ina?" "Ga ni nan tafe." "Ina kan kilando," wato babur ɗin haya. "Minti biyar." Wanda ke cewa minti biyar sau da yawa bai yi wanka ba. Watan jiya na yi da wani kafinta zai zo shagona ƙarfe tara ya auna katako. Tara da rabi ya kira ya ce yana hanya. Sha ɗaya ya ce ya tsaya jana'iza. Azahar wayar a kashe. Na hana kaina zuwa karɓo kaya a ajans, wato tashar kamfanin motoci, saboda shi, motar da za ta kai mini su unguwa ta tafi, na biya wata washegari. Da muka haɗu bai ga laifinsa ba ko kaɗan, abin da ya ce shi ne, "Ai na kira ka, Alhaji." Wannan magana ita ce cutar. Mun mai da sanarwa ta zama kamar cikawa. Tunda na gaya maka zan makara, to ban makara ba.

Ku duba ɗaurin aure. Kati ya ce ƙarfe goma, kowa na gida yana kiran wanda yake zaton ya riga shi: "An fara?" In aka ce ba a fara ba sai ya koma ya zauna. Su kuma masu ɗaurin auren suna jiran mutane su taru kafin su fara. Kowa na jiran kowa ta waya, dattawan da suka zo a kan lokaci kuwa suna zaune a kan tabarma rana na bin su suna matsawa. Wanda ya girmama kati shi ake hukuntawa.

Ana yawan cewa halinmu ne, wai baƙin mutum ba ya riƙe lokaci. Ban yarda ba, kuma ina jin zafin wannan magana duk lokacin da na ji ta daga bakin namu. Mutanen da ke cika babban masallacin Pumpumre kafin liman ya hau mumbari, mutanen da ke riƙe dabino a hannu suna jiran daƙiƙar shan ruwa, ba za a ce ba su san lokaci ba. Wanda ya bar ni a shago tun tara har azahar, in jirgin alhazai ne zai kwana a filin jirgi. In jarrabawar ɗansa ce zai kai shi tun ƙofa ba a buɗe ba. In ofishin da ke rufewa ƙarfe uku da rabi ne zai zo da safe. Muna riƙe lokacin wanda muke tsoro, muna zubar da na wanda ba zai iya yi mana komai ba: matar da aka ce wa ta shirya za a kai ta asibiti, lebura da ke jiran kuɗin yininsa, tsohon da aka ce ya jira a zaure. Waya ba ita ta haifi wannan hali ba, amma ta cire masa kunya, kuma kunyar nan ita ce ke tashin mahaifina daga shimfiɗa da zazzaɓi.

Dare ma ya tafi. A da bayan lisha hira kaɗan ce, fitila ta ci kananzir ɗinta, gari ya yi tsit sai kukan karnuka. Yanzu in ka fito ƙarfe ɗaya za ka ga fuskoki na haske a ƙofar gidaje. Abin da ke nuna maka lokaci shi ne kuma ke cinye shi. Ka ɗauko don ka ga ƙarfe nawa, ka ga saƙon WhatsApp, ka ajiye bayan awa guda ba ka ma tuna ƙarfe nawa ka gani ba. Agogon hannu bai taɓa yi wa kowa haka ba. Sahun asuba na unguwarmu shaida ne, furfura ta fi baƙin gashi yawa, ko da yake kowane saurayi yana da ƙararrawa uku a ƙarƙashin matashinsa.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Malaman allo da na Islamiyya, in kun zo babin lokutan salla, ku fito da yara fili su taka inuwa da ƙafarsu, ko sau ɗaya a wata. A cikin shekara a sami asuba guda da za a kai manyansu bayan gari, inda hasken lantarki bai kai ba, su ga alfijir da idonsu. Limamai da ladanan gari ɗaya su zauna da matasan da suka san saitin manhajar nan, a gwada lissafinta da abin da ido ya gani a sararin Garwa ko Marwa ko Kusiri, a tsayar da guda a sanar a masallatai, don mai azumi ya san abin da zai bi ranar da lasifika ta yi shiru. Mai sayar da waya kuma, kafin ka miƙa wa tsohuwa ko yarinya, duba wane gari ke rubuce a sama. Sauran kuwa tsakanin mutum ne da wanda ya ce wa zai zo. Ni dai na ɗaukar wa kaina cewa in na ce ƙarfe huɗu, ba zan kira in ce ina hanya ba sai ƙafata na kan hanyar, kuma in na saɓa zan ce na saɓa, in nemi gafara kamar wanda ya ci bashi bai biya ba.

Bayan salla, da tsakiyar Afrilu ta zo, na kira 'yar ƙanwata da autana mai shekara tara tsakar gida da rana tsaka. Zafin Garwa na wannan wata ba sai an faɗa ba, ƙasa na ƙuna, Baffa ne kawai ke iya tsayawa a kanta ba takalmi, mu da silifa muka fito. Na ce wa yaron ya nemo mini inuwarsa. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Baba, ta shige ciki." Muka koma rumfa. Wajen ƙarfe uku muka sake fitowa, ya juya wa rana baya, yayarsa ta sa dutse. Ya taka, diddige na taɓa yatsa, ya sami shida da rabi. Muka jira kaɗan, ta matsar da dutsen, ya sake takawa yana ƙirgawa da ƙarfi har bakwai. Ta duba wayarta, wadda yanzu Garwa ke rubuce a samanta, ta ce la'asar ta shiga minti uku da suka wuce. Yaron ya ce shi bai yarda ba, silifar ce ta ƙara masa tsawon ƙafa, gobe zai cire ta ya sake gwadawa.